Digiri na biyu ba tare da na farko ba: nazarin lamarin ma'aikacin da ya bar jami'a saura kiredit 36

Tambayar ko za a iya yin digiri na biyu ba tare da na farko ba takan fito ne daga mutanen da suka yi nisa a aiki. Mutum ya shiga jami'a, ya yi shekara biyu ko uku, rashin kuɗi ko rashin lafiya ko nauyin iyali ya fitar da shi, sai ya kama aiki har ya ƙware. Bayan shekara goma sai ya tarar muƙamin da yake hange ana neman mai digiri na biyu. Shin zai iya tsallake na farkon ya shiga mastas kai tsaye? Zai iya, domin akwai jami'o'i na ƙwarai da suka yarda da haka. Sai dai samun gurbi shi ne ƙaramin ɓangaren maganar. Babban ɓangaren shi ne abin da takardar za ta iya yi masa bayan ya karɓe ta, da wuraren da za a ci gaba da tambayarsa ina ta farkon.

Domin abin ya fito fili, mun tsara misalin mutum guda da alƙaluma irin waɗanda ake yawan gani, za mu bi lamarinsa har zuwa shawara.

Yadda lamarin yake

Shekarunsa 34. Ya karanta tattalin arziki da ƙididdiga a jami'a mai bin tsarin kiredit irin na Amurka, inda digiri na farko ke cin shekara huɗu da kiredit 120, kiredit kuwa shi ne ma'aunin nauyin kowane kwas. Ya yi zango shida cikin takwas ya tsaya, yau shekara 12. Ya yi rajistar kiredit 93, ya ci 84, ya faɗi 9. Cikin 84 ɗin nan, 9 da makin D ya haye. Matsakaicin makinsa, wanda ɗalibai ke kira GPA, 2.6 ne a kan 4.0, kuma shekararsa ta ƙarshe ce ta fi jan shi ƙasa, don a lokacin ne hankalinsa ya rabu. Jami'ar tana bin sa kuɗin zangon ƙarshe.

Shekara 11 yana aikin alƙaluma a wani kamfanin jigilar kaya. Ya iya harsunan kwamfuta na SQL da Python, shi ke haɗa rahoton da manyan kamfanin ke dubawa, akwai mutum huɗu a ƙarƙashinsa. Yana son digiri na biyu a kimiyyar bayanai. Dalilinsa na kusa shi ne kujerar shugaban sashe, wadda aka rubuta a tallarta cewa ana son mai digiri na biyu. Akwai kuma dalilai biyu na nesa: yana tunanin neman aiki a wata ƙasa, kuma yana sha'awar wata rana ya koyar a jami'a. Waɗannan dalilai uku ba abu ɗaya suke buƙata ba, kuma wanda bai raba su ba tun farko yakan zuba kuɗi da shekaru a hanyar da za ta biya ɗaya ta bar biyu.

Takardar da ake fara cirowa

Kafin a yi maganar wata jami'a, sai an ciro cikakkiyar takardar sakamako daga tsohuwar makaranta, wato tiranskirif. Ba kwafin da ɗalibi ya ajiye a gida ake nufi ba, sai wadda ofishin rijistara ke aikawa kai tsaye ga jami'ar da ake nema, a rufe ko ta amintacciyar hanyar intanet. Jami'o'i da dama ba sa sakin ta muddin suna bin ɗalibi bashi, saboda haka abu na farko ga mutumin namu shi ne ya rubuta wa ofishin kuɗi ya ji adadin bashin, ya biya ko a yi yarjejeniyar biya kashi-kashi a rubuce. Tare da tiranskirif ya nemi bayanin abin da kowane kwas ya ƙunsa a shekarar da ya yi shi, domin mai auna karatunsa sai ya ga manhaja, sunan kwas kaɗai ba ya isa. A ware wa wannan aiki wata biyu, tsohon fayil ba ya fitowa da sauri.

Wasu sukan so su ɓoye tsohon karatun gaba ɗaya tunda makin bai yi kyau ba. Wannan kasada ce marar amfani. Fom ɗin neman gurbi yana tambayar duk wata makarantar gaba da sakandare da mutum ya taɓa shiga, ya kuma sa hannu cewa gaskiya ya faɗa. A Amurka akwai cibiyar National Student Clearinghouse mai riƙe da bayanan rajistar ɗalibai na kusan dukkan jami'o'in ƙasar. In aka gano, ana janye gurbin, kuma jami'a tana da ikon soke digiri ko bayan ta bayar. Ban da haka ma, kiredit 84 su ne hujja mafi ƙarfi da yake da ita cewa ya taɓa yin karatun jami'a ya ci.

Ƙofofin da suke buɗe

A Birtaniya aka fi sanin wannan hanya. Digiri na biyu a Ingila kiredit 180 ne a ƙirgarsu, a mataki na 7 na jerin matakan karatunsu, kowane kiredit kimanin awa 10 na karatu, jimla awa 1,800. An yi shi hawa-hawa: kiredit 60 na farko suna ba da shaidar PGCert, 120 suna ba da difilomar PGDip, 60 na ƙarshe kuma yawanci kundin bincike ne. Jami'o'i da yawa, musamman a kwasa-kwasan da suka jiɓanci sana'a kamar gudanarwa da kwamfuta da harkar jigila, suna rubutawa a sharuɗɗansu cewa za a duba wanda ba shi da digiri idan yana da gogewar aiki mai dacewa. Suna kiran tsarin RPL ko APEL, wato amincewa da ilimin da mutum ya riga ya samu. Abin da suke aunawa shi ne ko mutum ya kai mataki na 6, matsayin ɗalibin shekarar ƙarshe ta digiri na farko.

A nan ne aikin yake, kuma a nan ne masu nema da yawa ke faɗuwa. Sukan aika tarihin aiki mai shafi biyu da wasiƙar yabo, su zaci yawan shekaru zai yi magana. Kwamitin kuwa abin da aka koya yake nema, ba tsawon zama a kujera ba. Hanyar da ta dace ita ce mutum ya ɗauko jerin abubuwan da aka ce mai digiri na farko a fannin ya kamata ya iya, ya sa hujja a gaban kowanne. Maimakon mutumin namu ya rubuta cewa ya ƙware a hasashen buƙatar kaya, sai ya ɗauki aiki guda ya baje shi: kamfani yana rasa motoci a makonnin cunkoso, ga bayanan da ya tattara da yawan watannin da suka ƙunsa, ga yadda ya tsaftace su, ga hanyar hasashen da ya zaɓa, ga wadda ya gwada ya ajiye da dalilin ajiye ta, ga yadda ya auna girman kuskuren hasashen, ga abin da zai canza da zai sake yi. Shafi biyu ko uku ga kowane aiki, ayyuka uku ko huɗu sun wadatar. Ɓangaren da ya faɗi dalilin ƙin wata hanya da kuma iyakar sakamakonsa shi ya fi daraja, don shi ke nuna tunani irin na jami'a.

Wasiƙar wurin aiki ta zo a kan takardar kamfani, da ranar kama aiki, da muƙaman da ya riƙe da lokutansu, da ainihin ayyukansa, da sa hannun wanda yake kai tsaye a samansa, da adireshin imel na ofis. Samfurin aiki kuma sai da izinin kamfani a rubuce, a cire sunayen abokan ciniki da alƙaluman sirri. Wasu sassan sukan ƙara da ganawa, ko su ba da ɗan rubutu don su ga ko mutum ya iya kafa hujja da ambaton madogara. Kafin duk wannan, ya fi kyau a rubuta wa malamin da ke jagorantar kwas ɗin, ba ofishin ɗaukar ɗalibai kaɗai ba, domin ofishin ka'idar da ke rubuce yake bi, malamin kuwa shi ke da ta cewa a kan wanda bai cika ka'ida ba.

Akwai abu biyu da ake cakuɗawa. Amfani da gogewa don a samu shiga daban, amfani da ita don a yafe wa mutum wasu kwasa-kwasan cikin mastas ɗin daban. Na biyun yana rage lokaci, amma a Ingila rancen gwamnati na karatun mastas ana ba da shi ne ga cikakken kwas mai kiredit 180, ba ga PGCert ko PGDip ba. Mazaunin Ingila da aka yafe wa kiredit, ko aka ce ya fara da PGCert a gani, zai iya rasa rancen. A tambaya kafin a karɓi tayin.

Ostareliya ma hawa-hawa take yi. Digiri na farko mataki na 7 ne a tsarinsu, shaidar gaba da digiri mataki na 8, mastas na 9. Jami'o'i da yawa suna karɓar mai gogewar aiki ya yi shaidar mataki na 8, yawanci kwas huɗu, in ya ci da makin da aka gindaya sai ya wuce mastas a lissafa masa kwas huɗun. Faransa tana da doka tun 1985 da ta ba jami'a damar karɓar wanda ba shi da takardar da ake buƙata bisa gogewarsa, ana kiran ta VAPP, sannan a 2002 aka ƙaro VAE, wadda ke ba da ita kanta takardar bayan kwamiti ya auna kundin mutum. A Jamus wasu jihohi, kamar Rheinland-Pfalz da Hessen, sun yarda a shiga mastas na ma'aikata ta hanyar jarrabawar gwajin cancanta bayan shekarun aiki. Hanyar Faransa da ta Jamus duka biyun suna buƙatar harshen ƙasar a mafi yawan lokuta.

Amurka ta fi tsauri. Ka'idar kusan kowace makarantar gaba da digiri ita ce digiri na farko daga jami'ar da aka tantance, da GPA 3.0 a mafi yawansu. Mastas ɗin kwamfuta na intanet na jami'ar Georgia Tech, wanda aka fara a 2014, yana neman digiri na farko. Harvard Extension School tana sa mutum ya fara cin wasu kwasa-kwasai kafin ta ɗauke shi, amma ita ma sai da digiri na farko. Wadda ta fita daban ita ce Jami'ar Kolarado da ke Boulder, mai ba da mastas a injiniyan lantarki da kimiyyar bayanai da kimiyyar kwamfuta ta manhajar Coursera. Ba fom ɗin neman gurbi, ba tiranskirif, ba wasiƙar shaida. A kimiyyar bayanai, ɗalibi yakan yi rajistar jerin kwas uku, kowanne kiredit ɗaya, ko a ƙididdiga ko a tsarin bayanai da algoridim, in ya fito da matsakaicin 3.0 ya shiga. Digirin kiredit 30 ne, a zangunan mako takwas-takwas, kuma kwasa-kwasai ne zalla, babu kundin bincike. A ma'aunin Amurka kiredit ɗaya kimanin awa 45 ne na aiki, saboda haka gwajin shiga ya kai awa 135, digirin gaba ɗaya kuma awa 1,350. Ga mai GPA 2.6 wannan hanya tana da daɗi guda babba: ba wanda zai kalli tsohon makinsa.

Akan ambaci wasu sanannu a irin wannan magana. Jane Goodall ta shiga karatun digiri na uku a Kambirij a 1962 ba ta da digiri na farko, amma ta riga ta fara bincikenta a kan birai a Gombe ta Tanzaniya tun 1960, kuma Louis Leakey, masanin binciken asalin ɗan Adam, ne ya tsaya mata. Stephen Wolfram ya bar Okisfod bai kammala ba ya yi digiri na uku a jami'ar Caltech ta Amurka yana ɗan shekara 20, amma ya riga ya wallafa takardun bincike a kimiyyar fiziks. Su biyun bincike suka kawo a hannu, da babban malami mai tsaya musu. Labarinsu ba ya taimakon ma'aikacin da gogewar ofis ya kawo.

Lissafin komawa a ƙarasa na farkon

Ba a yanke shawara sai an ajiye wannan hanya kusa da sauran, da alƙaluma. In ya koma tsohuwar jami'arsa, saura kiredit 36, tunda jami'a takan lissafa D ɗin da ita ta bayar, sai dai in kwas ɗin na ainihin fannin ne da ake neman C. Amma bayan shekara 12 manhaja ta canza, kuma da sabuwar za a auna shi, don haka ya sa ran ƙarin kwas biyu ko uku. A ce kiredit 36 zuwa 45. Ma'aikaci mai iyali abin da yake iya ɗauka ba tare da ya karye ba shi ne kwas biyu a zango, kiredit 6. In ya haɗa da zangon bazara, kiredit 18 ke nan a shekara. Wato shekara biyu zuwa biyu da rabi.

In wata jami'ar zai koma, lissafin ya sauya. Yawancinsu ba sa karɓar kiredit ɗin da ke ƙasa da C, sai 84 su koma 75. Da yawa kuma suna sharɗanta a yi aƙalla kiredit 30 a wurinsu, wasu ma suna ƙin tsofaffin kwasa-kwasan kwamfuta da suka haura shekara goma. A Amurka akwai makarantu uku da suka yi suna wajen karɓar kiredit masu yawa daga waje: Thomas Edison State University a New Jersey, Excelsior University a New York, da Charter Oak State College a Connecticut. Jarrabawar CLEP kuma tana ba mutum damar cin kiredit na ƙananan kwasa-kwasai ba tare da zama a aji ba, in jami'ar tana karɓa. A Birtaniya Open University tana yin irin wannan karɓar kiredit.

Sai kuma abin da ba a cika lissafawa ba, wato maki. Kiredit 93 a kan 2.6 sun ba da maki 241.8. In ya yi sauran 36 da matsakaicin 3.5, ya ƙara 126, jimla 367.8 a kan kiredit 129, wato 2.85. Har yanzu bai kai 3.0 ba. Wasu makarantun kiredit 60 na ƙarshe kawai suke dubawa. A ce 24 na ƙarshen tsohon karatunsa sun tsaya a 2.0, to da 3.5 zai fito da 2.9, sai ya yi 3.7 kafin ya haye 3.0 da kaɗan. Ashe ƙarasa digirin ba ya buɗe ƙofar mastas da kansa, sai an ƙarasa shi da maki mai kyau ƙwarai. Ya kamata ya tambayi rijistara ko suna da tsarin yafe tsohon maki ga wanda ya daɗe da barin karatu, da kuma ko maimaita kwas ɗin da aka faɗi yana goge tsohon makin ko haɗa su ake yi. Amsar waɗannan tambayoyi biyu tana iya ɗaga GPA ɗin fiye da zango guda na karatu.

Inda ake tuntuɓe bayan an shiga

Wanda ya tsallake digiri na farko yakan gamu da gibin a watannin farko. A kimiyyar bayanai gibin kusan kullum lissafi ne: kalkulas, aljabarar matiris, da ilimin yiwuwa. Ma'aikaci ya saba kiran manhajar kwamfuta ta yi masa lissafi, a jarrabawar mastas kuwa za a ce ya fito da tsarin daga tushe, ya nuna dalilin da ya sa yake aiki. Mutumin namu ya yi kalkulas na farko shekara 14 da suka wuce, bai yi aljabarar matiris ba sam. Gwaji mai sauƙi shi ne ya samo tsohuwar jarrabawar waɗannan kwasa-kwasai, ya zauna da agogo ba tare da duba littafi ba. In bai kai rabi ba, yana buƙatar wata huɗu zuwa shida na shiri kafin ya biya kuɗin kowane kwas mai maki, domin makin da aka samu a kwas mai kiredit yana zama a tiranskirif.

Gibi na biyu rubutu ne. Rahoton ofis gajere ne, yana faɗin matsaya. Rubutun jami'a yana neman a kawo abin da wasu suka ce, a auna shi, a ambaci madogara bisa ka'ida. Wanda bai yi aikin binciken shekarar ƙarshe ba bai taɓa yin wannan da tsawo ba, kuma rashin sanin ka'idar ambato yana jefa mutum cikin tuhumar satar rubutu ko da bai yi nufi ba. A Birtaniya makin hayewa a mastas yawanci 50 ne cikin 100, ba 40 na digiri na farko ba, kuma wanda ya kasa a kundin bincike da PGDip yake fita. Ga mai digiri na farko wannan asara ce mai sauƙi. Ga wanda ba shi da shi, ya fita ke nan ba digiri ko ɗaya a hannunsa.

Inda ake tuntuɓe bayan an gama

Wannan ɓangaren shi ne jami'ar da ke tallar kwas ba za ta yi dogon bayani a kansa ba, don ba a hannunta yake ba. Ita ta ba da digiri sahihi, amma wasu ne za su karɓa ko su ƙi.

Kamfanoni masu zaman kansu sun fi sauƙi. Da yawa takarda mafi girma suke kallo su wuce. Duk da haka fom ɗin intanet na manyan ma'aikatu yakan sa gurbin digiri na farko ya zama dole, kuma kamfanonin binciken takardu suna duba kowane layi. Wanda ya rubuta sunan tsohuwar jami'arsa da shekaru ta yadda za a zaci ya kammala, ya jawo wa kansa abin da zai iya raba shi da aikin. A rubuta a fili: kiredit 84, ba a kammala ba. Aikin gwamnati da koyarwa a jami'a kuwa a ƙasashe da yawa suna neman digiri na farko da darajarsa a matsayin sharaɗi mai zaman kansa, mastas ba ya maye gurbinsa.

Ƙetare iyaka yana kawo masu auna takardu, irin su WES a Amurka da Kanada, da UK ENIC a Birtaniya, da ZAB a Jamus. Sukan duba ba takardar kaɗai ba har da hanyar da aka bi aka same ta da jimlar shekarun karatu, kuma hukuncinsu ya danganta da ƙasa da manufar aunawar. A Turai shekarar karatu kiredit 60 ce a ma'aunin ECTS, digiri na farko 180 zuwa 240, mastas na Ingila kuma daidai yake da 90. A Jamus abin da aka saba shi ne jimlar 300 a ƙarshen mastas. Mai mastas na Ingila shi kaɗai, 90 yake riƙe da su a takarda. Bizar aiki ta H-1B a Amurka tana da nata lissafin, inda shekara uku ta aikin ƙwarewa ke tsayawa a madadin shekara ɗaya ta jami'a, amma sai an haɗa hujjoji, ba abu ne da ke zuwa kai tsaye ba.

Sana'o'in da ke da lasisi sun fi kowa riƙo. Hanyar da aka fi bi zuwa lasisin injiniya a Amurka tana farawa ne da digiri na farko da hukumar ABET ta tantance. A Birtaniya wanda ba shi da digirin da aka tantance sai an bi da shi ta hanyar auna mutum shi kaɗai kafin ya zama injiniya mai rajista, wadda ta fi tsawo. Digiri na uku kuma yana neman shaidar bincike, kuma mastas na kwasa-kwasai zalla ba ya ba da kundi ko malamin da ya san aikin mutum har zai rubuta masa wasiƙa.

Dole a yi gargaɗi guda a nan. Masu neman gajeriyar hanya su ne abincin jami'o'in bogi, masu cewa za su ba da mastas bisa gogewar rayuwa cikin makonni. Kafin a biya ko sisi, a duba sunan makarantar a rajistar hukuma: a Amurka jerin CHEA, majalisar da ke sa ido kan tantance jami'o'i, ko na ma'aikatar ilimi, a Ingila rajistar Office for Students, a Ostareliya ta TEQSA. A duba a shafin hukumar, ba a shafin makarantar ba.

Shawara ga wannan mutum

Matakin da zai raba gardama ba ya cin kuɗi. Ya rubuta wa ofishin kula da ma'aikata na kamfaninsa tambaya guda, ya nemi amsa a rubuce: shin digiri na biyu daga jami'a kaza, ga sunan kwas ɗin, ba tare da digiri na farko ba, ya cika sharaɗin wannan muƙami? Amsar baki daga shugabansa ba ta isa ba, shugabanni suna canzawa.

Da kujerar shugaban sashe ce kaɗai burinsa, kuma amsar ta zo da e, da mun ce ya gyara lissafinsa ya shiga mastas kai tsaye, ya gama cikin shekara biyu ko uku. Haka ma da kiredit 30 kawai ya yi a baya, saura 90, da tsallakewar ta fi ma'ana, don shekara biyar ta karatun dare ba ƙaramin abu ba ne ga mai iyali. Amma shi saura 36 ne, kuma burinsa biyu na nesa, aiki a ƙetare da koyarwa a jami'a, su ne daidai wuraren da ake tambayar digiri na farko. Saboda haka a ganinmu ya ƙarasa na farkon. Ƙofar da ake shiga da cin kwas, irin ta Boulder, ba ta dogara da shekarunsa ba, tsofaffin kiredit ɗinsa kuwa kowace shekara ƙara tsufa suke, manhaja tana ƙara nisa da su. Juya tsarin, a yi mastas sannan a dawo, ba ya rage aiki sosai, domin jami'o'i ba su cika lissafa kiredit ɗin da aka riga aka ci wani digiri da su a cikin wani sabo ba.

Wannan shawara tana da tsada, kuma ya kamata ya san ta: shekara huɗu zuwa biyar gaba ɗaya maimakon biyu ko uku, kuma mai yiwuwa kujerar ta wuce shi a wannan karon. Abin da zai rage tsadar shi ne yadda ya jera kwasa-kwasan. Wata biyu na farko ya biya bashi, ya ciro tiranskirif, ya nemi rijistara ta ba shi jerin abin da ya rage masa a rubuce bisa sabuwar manhaja. A zango biyu na farko ya ɗauki kalkulas na biyu da aljabarar matiris da ilimin yiwuwa, tare da maimaita kwas ɗin da ya faɗi in maimaitawar tana goge tsohon maki, domin waɗannan suna cike digirin farko, suna kuma shirya shi wa mastas a lokaci guda. In sashen yana ba da damar aikin bincike na shekarar ƙarshe, ya zaɓe shi ko da ba dole ba ne, ya gina shi a kan matsalar jigila da ya sani ciki da waje, don daga nan zai samu samfurin rubutu da malamin da zai rubuta masa wasiƙar shaida. Ya kuma kai wa kamfani takardar rajistarsa da ranar da ake sa ran zai kammala, ya tambaya ko suna da tsarin biyan kuɗin karatun ma'aikata, da kuma ko za a iya ba shi riƙon muƙamin bisa sharaɗin kammalawa. A zangonsa na ƙarshe, lokacin da lissafin yake sabo a kansa, sai ya aika takardun neman mastas mai kundin bincike, ya ajiye kwas ukun na Boulder a matsayin hanya ta biyu idan GPA ɗin bai kai 3.0 ba.